Ranar da Na Hana Mudir Ganin Kajinsa

Ban taɓa mantawa da ranar da wuta ta ɗauke mana a tsakiyar zafi ba, wata Laraba, shekarata ta shida a Jidda, wajen ƙarshen shekarun 1980. Ku da kuka zo yanzu kun tarar da janareta uku, ɗaya na mutuwa ɗaya na tashi. A zamaninmu guda ne, kuma ya girme ni a aikin.

Wurin aikinmu siton sanyi ne a bayan tashar jiragen ruwa. Kaya na sauka daga jirgi, a kawo mana mu ajiye kafin masu gidajen abinci su zo ɗauka. Ɗakuna uku gare mu: biyu na ƙanƙara, ɗaya kaji ɗaya naman rago, sai na uku mai sanyi kawai, na ƙwai da cuku da tuffa. Ni ke kula da injina. Sama da ni akwai Baba Haruna mai riƙe da sito, dattijo ne Bahaushen Sudan. Sama da shi mudir, wato manaja. Sama da kowa kafili, mai kamfanin, wanda fasfunanmu ke aljihun teburinsa. Mudir ɗan ƙanwar kafili ne, satinsa uku da kama aiki.

Da hantsi motar haƙa ta tsinke babbar wayar da ke ba layinmu wuta. Aka ce gyara sai yamma, in Allah ya so.

Na tada janareta. Ƙarfinsa ɗaki biyu ne, ba ya ɗaukar uku. Ka'idar aikin kuwa sananniya ce: ɗakin ƙanƙara in yana cike kuma a rufe, yakan riƙe sanyinsa awanni, don kayan da kansu ƙanƙara ne. Ɗakin ƙwai ne ba ya haƙuri. Sai na ba shi wuta dindindin, na riƙa juya ragowar tsakanin kaji da rago, awa ɗaya-ɗaya. Ofis kuma na yanke shi gaba ɗaya, na rufe ɗakunan ƙanƙara da kwaɗo, na sa makullin a aljihu.

Ba a yi minti goma ba sai ga mudir, jallabiyarsa ta manne masa a baya.

"Ya Ilya, me ya sami esin ofis?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ba ƙwai."

Ya dube ni, ya dubi Baba Haruna, ya ga babu mai dariya. Ya ce to a buɗe masa ɗakin kaji ya gani da idonsa ko sun fara narkewa.

Na yi masa bayani da ɗan Larabcina cewa in aka buɗe ƙofar nan, zafin Jidda zai shiga, kuma sai injin ya sha dizal na awa guda kafin ya fitar da shi. Ya ce bai tambaye ni karatu ba, makulli ya tambaya. Na ce yana aljihuna. Ya ce in fito da shi. Na ce a'a.

"Halas, shi ke nan," in ji shi. "Gobe ka kawo iƙamarka, takardar zamanka. Ƙasarku za ka koma."

A lokacin matata na gida a unguwar Hindawiyya da ciki wata takwas. Hannuna ya kai bakin aljihu, ba zan ɓoye muku ba. Amma na san in kajin nan suka saki ruwa, masu duba abinci na hukuma za su sa a zubar da su duka, kuma ba za a tambayi wanda ya ce a buɗe ba, mai injin za a tambaya. Ko ta ina dai jirgi ɗaya ke jirana. Na mayar da hannuna.

Sai Baba Haruna ya miƙe. Ya shiga ofis ya ɗauko kujerar mudir, ya ajiye ta gaban agogon sanyi da ke jikin bango, mai nuna yanayin cikin ɗaki.

"Zauna nan, ɗana. Ka ga allurar nan? Tana kan sha takwas ƙasa da sifiri. In ta kai sha biyu, ni da kaina zan ƙwace makullin in ba ka. Aikin nan babba ne, ba kowa za mu ba shi ba."

Mudir ya zauna. Da azahar ya kira ni da ƙarfi: sha bakwai! Na juya wuta zuwa kaji, allura ta koma. Ya gyaɗa kai kamar shi ya tura ta. Daga nan bai sake tashi ba sai salla, ita ma sai da ya sa Baba ya tsare masa.

Wajen la'asar dizal ya yi ƙasa. 'Yan dako suka zuƙo na motocin kamfani da tiyo, ɗayansu ya haɗiyi rabonsa, ya wuni yana gyatsa. Ana cikin haka wani mai gidan abinci daga unguwar Bani Malik ya iso da motarsa, yana son katan arba'in na kaji, yana ta yalla-yalla, wai a yi sauri. Kafin in buɗe baki mudir ya miƙe.

"Ba a buɗe ƙofa! Kai ba ka san zafi shiga yake yi ba?"

Mutumin ya koma ba kaza ko ɗaya. Wuta ta dawo dab da magariba, allura na kan sha biyar. Ko katan ɗaya ba mu zubar ba.

Washegari na zo da iƙamata kamar yadda aka umarce ni. Na tarar da mudir yana ba kafili labarin yadda ya hana kowa taɓa ƙofa. Kafili ya juyo ya ce, "Haka ne, Ilya?" Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, ya tsaya sosai." Ba wanda ya tambayi iƙama, ni ma ban tuna musu ba.

Abin da na koya ke nan. A sana'armu ba mu ƙera sanyi, zafi muke kora waje, kuma kowace kora da abin da take ci. Kaya in an bar su a rufe, sun san yadda za su riƙe kansu. Mutum ne ba ya iya zama haka nan cikin tashin hankali. In wuta ta ɗauke muku, ku fara da ƙwai, sannan ku nema wa babba abin da zai tsare, nesa da ƙofa.