Allin da ƙanena ya miƙo mini

Ƙanena ya wulaƙanta ni a gaban ƴata. Shi ne wanda na bar lakwal, wato makarantar boko, dominsa tun ina aji uku na kwaleji, na koma gonar tattasai a bakin Komadugu, shi ya zarce har ya zama mushe, malamin lissafi, a Diffa.

Shekarar da yarinyar za ta yi bak, jarrabawar gama sakandare, wani abu a lissafi ya tsaya mata a wuya, deribe suke ce masa. Ta yi mini bayani ina gyaran injin ban ruwa: wai ɗaya bisa kosinis, in ka fitar da deribensa, ba alamar ragi a gaba. Ɗaya bisa sinis kuwa da ita yake fitowa, kotanjant ma haka. Kullum sai ta sa ragin inda babu, ta manta shi inda yake. Ɗan layin nan da bai kai tsinken ashana ba, shi ke cinye mata maki. Ni ban gane ba, amma na ga tana ramewa, abinci ma sai an yi da ita.

Na ɗauke ta a babur har gidan ƙanen nawa. Yana ƙarƙashin rumfa da ɗaliban da yake koyarwa da yamma. Ta gaishe shi, ta ce, "Baba ƙarami, ragin nan daga ina yake fitowa?"

Ya yi dariya, ya miƙo mini alli. "Yaya, bismilla, ga allo. Ai a gida ta gaji kan."

Yaran suka tuntsire. Ni kuwa na karɓi allin, don ban san yadda zan yi da hannuna ba.

Tun ranar ta daina tambayar kowa komai. Jarrabawa na matsowa, sai na ji tana ce wa uwarta gara ta zauna tsinkar tattasai. Da irin wannan maganar ni ma na fara, har na bar lakwal.

Na koma gidansa ranar Juma'a, na ajiye masa allinsa a gabansa. Na ce, "Ni ban san sinis ba, kuma ka fi kowa sanin dalili. Dariyar da aka yi mini na haɗiye. Amma gobe bayan la'asar ka zo gidana, ka zauna a tabarmata, ka nuna mata inda ragin nan yake fitowa har ta gane. In ba ka zo ba, kada ka ƙara ce mini yaya."