Goron da Inna ba ta ci ba

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara ina ɗinki a Kaura Namoda, Inna kuwa tana ƙauyenmu kusa da Moriki. Tun rasuwar mahaifinmu, daddawar da take ɗauka a ka zuwa kasuwa ita ke ciyar da ita da ƙannena mata. Ƙafarta ce jarinta.

Wata ranar kasuwa motar hatsi daga Shinkafi ta kauce wa rami, ta kwashe ta a gefen titi. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. Kafin saƙo ya iso ni har na kama hanya, mai motar ya riga ya turo dattawa da ƙwaryar goro gidan Baffa, yayan mahaifinmu. A wajenmu idan aka zo ban haƙuri, babban gida ya karɓi goro aka raba aka ci, magana ta mutu. Baffa kuwa mutum ne mai son a ce da shi dattijo. Ba su gama zama ba ya ce ƙaddara ce, an yafe.

Na tarar da Inna kwance, mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Baffa ya shigo da goro ɗaya fari, rabonta, ya ajiye mata a bakin tabarma.

"Mun yahe musu," in ji shi. "Haka gidanga ya gada."

Inna ta dube shi ta ce, "Yaya, ƙahwar wa ta karye?"

Ya juya ya fita. Ita kuma ta ƙulle goron a bakin zanenta.

Ƙafar ta warke a karkace. Inna ba ta iya kaiwa rijiya, balle Moriki, ƙannena suka fara kwana da kunu. Abin da nake aikowa daga ɗinki bai taka kara ya karya ba. Na ji ciwon abin nan ƙwarai, har yau ina jin sa.

Da kaka ta yi, Inna ta ce in kai ta kotun Shari'a a Zurmi. Na ce, "Inna, Baffa fa?" Ta ce Baffa da ƙafafunsa biyu yake yawo. Muka hau amalanke zuwa bakin titi, daga nan mota.

Mai motar ya zo da dattawansa, suka shaida cewa an yafe, an ci goro. Alƙali ya tambaya wa ya yafe. Suka ce babban gida. Sai Inna ta kwance bakin zane ta ajiye goron nan a gabansa, ya bushe ya yi baƙi kamar tsakuwa.

"Allah shi gafarta malam, ga nawa. Ban ci ba."

Alƙali ya ce haƙƙin rauni na wanda aka ji wa ne, ba mai yafe shi sai shi. Ya tambaye ta ko za ta yafe. Kowa a kotun na jiran ta ji kunya. Ta ce a'a, tana da marayu.

Da diyyar da alƙali ya sa mai motar ya biya ta sayi jaki, ta koma kasuwa a kansa. Amma a gari sai aka ce ta kunyata gida, ta mai da dattijo ƙaramin mutum. Baffa ya daina shiga wurinmu. Duk ranar kasuwa takan tsaya da jakinta a ƙofar gidansa ta ce, "Yaya, ina kwana?" Shi kuwa sai ya dubi wani wuri. Haka suka yi shekaru, ba ta fasa gaisuwar ba.

Ranar da ta rasu, bayan an yi mata salla, liman ya juyo ya ce duk wanda ta saɓa wa ya yafe mata, kamar yadda aka saba. Sahu ya ɗauka, mun yafe, mun yafe. Baffa yana gefena, kafaɗarsa na gogar tawa, ni kuwa bakinsa nake kallo. Mutumin da ya yafe ƙafar wani tun baƙi ba su gama zama ba, bakinsa bai motsa ba.