Maginiyar Mirriya a Takarda Biyu

Shekarar da na gama jami'a ban samu aiki ba, sai na ajiye ƙaramin tebur a zauren gidanmu na unguwar Kara-Kara, ina taya masu neman burs, wato tallafin karatu, rubuta takardar da ake cewa mutum ya bayyana kansa: wane ne shi, me ya sa yake son karatun. Da Faransanci ake rubuta ta, amma da Hausa muke fara tono ta. Aikin da wuya, don an raine mu a kan kada mu yabi kanmu, ga takarda tana so mu yi hakan cikin shafi guda.

Ban daɗe ba na koyi zargi. Akwai masu saida irin wannan takarda a sibar, shagon intanet, suna sauya suna kawai. A wata guda na karanta labarin marayu huɗu, biyu daga cikinsu kuwa ina gaida ubanninsu a hanyar kasuwa.

A cikin masu zuwa akwai wani saurayi ɗan unguwarmu, mai fara'a da tsabtar Faransanci, da wata yarinya daga Mirriya wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Su biyun digirin mastar suke nema a makaranta ɗaya a ƙasar waje, kan ilimin ƙasa da ruwa. Rufe karɓar dosiye, wato takardun nema, saura kwana tara.

Takardar saurayin na fara karantawa a natse. Kakarsa maginiyar tukwane ce a Mirriya, in ji shi. Idan an kwashe tukwane daga wuta, takan ɗauki kowace ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kara kunne. Mai lafiya tana amsawa da murya doguwa, mai ɓoyayyen tsagu kuwa muryarta a shaƙe take. Daga nan ne ya fara son sanin yumɓu. Na karanta sau biyu, har na ji sautin a kunnena.

Washegari na zaro ta yarinyar daga cikin tarin takardu. Ga maginiyar nan, ga bayan yatsa, ga shaƙaƙƙiyar murya. Sai dai Faransancinta na tuntuɓe, kuma ba ta ce kakarta ba, cewa ta yi wata mata a garinsu.

Idan takardun biyu suka haɗu a gaban masu zaɓe, duka za a watsar. Ɗayansu ya ɗauki labarin ɗayan, kuma zuciyata ta riga ta yanke hukunci: mai cewa kakata ya fi mai cewa wata mata kusa da labarin.

Na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Saurayin ya yi dariya, ya ba ni labarin kakar tasa har da irin goron da take so. Yarinyar kuwa, da na tambaye ta wace ce matar, sai ta sunkuya tana murza bakin mayafinta. Na ce ko wani ya nuna mata takardarsa. Ta ce a'a. Na ce to matar nan mece ce a wurinta.

"Ta gidanmu ce, Malama."

Iyakar abin da na samu ke nan. Na sallame ta da murya mai kaushi, na san kuma ta ji kaushin.

Ranar Lahadi na shiga motar Mirriya, na ce wa innata randa zan sayo. A layin masu tukwane na hango yarinyar zaune bayan tuluna, tana yi musu gammo da ciyawa. Kusa da ita wata mata ce, da ƙyar ta wuce arba'in, hannuwanta sun yi ja. Na taya wata ƙaramar randa. Matar ta karɓe ta daga hannuna, ta ƙwanƙwasa, ta karkata kai, ta ajiye gefe ta miƙo mini wata. Na tambaye ta ko tana da jika a Kara-Kara mai karatu a jami'a. Ta yi dariya ta ce jikanta ɗaya ne, ko yaye shi ba a yi ba. Sannan, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce, "Ke, ɗaure wa baƙuwa kayanta."

Mai tuluna ta gefe ce ta raɗa mini cewa yarinyar ƴar farin matar ce. Matar ba ta kiran sunanta, ita ma yarinyar ba ta ce mata inna a gaban mutane. Ni da na tashi cikin wannan kunyar, na karanta ta a takarda na ɗauka alamar sata ce.

Da na koma na kira saurayin. Bai musa ba, bai kuma amsa ba. Ya ce ai maginiya ba ɗaya ba ce a Mirriya, kuma tun ranar Juma'a ya aika dosiyensa.

Saboda haka labarin ya fita daga hannun mai shi. Na faɗa wa yarinyar ranar Litinin, na ba ta haƙuri sau biyu: na zargin da na yi mata, da na labarin da ya tafi. Na ce dole a sake wata, kuma wannan karon ta rubuta abin da ba mai iya ɗauka, wato ta faɗi cewa maginiyar uwarta ce. Sai ta tambaye ni:

"Malama, in na rubuta, ita ba za ta gani ba?"

Na ce ba za ta gani ba. Ta jawo takarda. Jimlar farko da ta rubuta ita ce: matar da ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, amma da sayar da tukwanenta na yi karatun lakwal. Kwana uku muna gyara, muka aika saura yini ɗaya.

Har yau ban san ta inda ya ga takardarta ba. Ita ta ce ba ta taɓa kai ta sibar ba. Abin da na sani, tun makon farko ta kawo mini ita, na kife ta a kan teburin zaure ban duba ba, shi kuma yakan riga kowa zuwa, ya zauna jirana in gama sallah.