Matar Mai Littafi da Littattafan Aro

A layinsu kowa ya san ta da Matar Mai Littafi, domin mijinta ne ke da kantin littattafai tilo a unguwar, kuma a saman kantin suke zaune. Ɗakuna biyu ne da kicin, sai matakalar katako da ke sauka bayan teburin ciniki. Duk wanda ya ji haka sai ya ɗauka matar nan ta ƙoshi da karatu. Alhali ta yi shekaru tana goge littattafan kowace safiya, ba ta isa ta buɗe ko ɗaya ba.

'Yar direban babbar mota ce. Tun tana ƙarama, duk takardar da mahaifinta ya naɗo tsaraba a ciki sai ta warware ta, ta shafe ta da tafin hannu, ta karanta har tallan da ke gefe. Da ya rasu, makaranta ta tsaya, amma ƙishin bai tsaya ba. Takan biyo ta gaban kantin ta tsaya tana kallon bangon littattafai ta gilashi. Mai kantin, wanda a lokacin saurayi ne, ya ɗauka shi ake kallo. Haka aka yi auren, da son ranta. Yayarta takan tsokane ta, ta ce, "Ke dai faɗi gaskiya, kanti kika aura, mutumin gyara aka ba ki."

Ba a yi sati da tarewa ba ta ɗauko wani littafi ta hau da shi sama. Da ya gani bai ɗaga murya ba. Ya karɓa a hankali, ya juya shi, ya nuna mata wani siririn layi da ya fito a gadon bayansa.

"Amarya, kin ga wannan? Daga yau ya zama tsoho. Wa zai saye shi a sabo?"

"Ai a hankali na buɗe."

"Littafin kanti kaya ne, ba na karatu ba. Mai sayar da takalmi ba ya yawo da na sayarwa."

Mutumin ba mugu ba ne. Bai taɓa zaginta ba, bai taɓa barin gidan da yunwa ba. Sai dai fushinsa na shiru ne. In ransa ya ɓaci sai ya ɗauke wuta, ya daina cin abincinta, ya riƙa amsa gaisuwa da ka, har gidan ya yi mata nauyi kamar an yi rasuwa. A kan littafin nan ta fara ɗanɗana wannan shiru, kuma ta yi wa kanta alkawarin ba za ta sake janyo shi ba.

Tana goyon ɗanta na fari hukumar gari ta buɗe laburare a bayan kasuwa. A shekarar ciniki ya ja baya sosai. Ɗaliban da suka saba cika kantin sai dai su wuce ta gabansa da littattafai masu hatimi a hammata. Daga nan Mai Littafi ya ɗauki gaba da wurin. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "gidan kyauta".

"Wanda ya rubuta ya ci me? Wanda ya buga ya ci me? Ni na ci me?" Haka yake cewa a kan abinci. "Littafi ɗaya, mutum ɗari. Kuma abin da ba naka ba a guje kake karanta shi, ka mayar, ya fita daga kanka. Mai mutunci sayen nasa yake yi ya ajiye wa 'ya'yansa."

Takan ce, "Haka ne, Maigida," ta ƙara masa ruwa a kofi.

Ruwan sama ne ya fara shigar da ita. Ta fito daga kasuwa da kwandon cefane, ruwa ya tsuge, ta fake a barandar laburaren. Ma'aikaciyar wurin, wata doguwar mata da yara ke kira Anti Tabarau, ta leƙo ta ce ta shigo kada jaririn ya jiƙe. Ta shiga. Ta ga mutane zaune, kowa da littafi buɗe a gabansa, wani ma ya lanƙwasa nasa biyu, ba wanda ya ce masa kanzil. Kafin ruwan ya ɗauke ta ci babi guda a tsaye. Anti Tabarau ta ba ta aronsa, ta fito da littafin a ƙasan kwando, albasa a samansa.

Daga ranar ta shiga rayuwa biyu. Ba ta bi ta babbar ƙofa, domin shagon wanzami na kallonta, wanzamin kuwa aminin mijinta ne, bakinsa ba ya riƙe magana. Ta ƙofar gefe take shiga, wajen masu sayar da gawayi. A gida, maɓoyar littafin ita ce bayan manyan tukwanen da ba a girki da su sai an yi baƙi. Karatun kuma sai da rana, bayan ta sauke abinci, idonta a shafi, kunnenta a matakala. Akwai wani katako da ke kuka in an taka shi. Tana jin kukansa sai littafi ya shige ƙarƙashin faranti, ta ɗauki wuƙa ta kama yanka abin da ba ya bukatar yanka.

Sau ɗaya asirin ya kusa tonuwa. Mai Littafi yana saman tsani yana jera kaya, ita tana tsaron tebur, sai ga Anti Tabarau ta shigo sayen alƙaluma. Matar ta washe baki za ta gaishe ta da sabo. Matar Mai Littafi ta yi saurin haɗa ido da ita. Ta ɗan girgiza kai, ta ɗaga ido wajen tsanin. Anti Tabarau ta gane, ta haɗiye gaisuwar, ta karɓi alƙalumanta ta fita.

"Kin san ta ne?" in ji shi daga sama.

"Nakan gan ta a kasuwa."

"Ta gidan kyauta ce. Yau ta zo inda ake biya." Ya yi 'yar dariya.

Haka yara suka girma, suka yi aure, furfura ta fito wa ma'auratan. Ta karanta labarai, ta karanta tarihi, ta karanta littattafan kiwon lafiya har da na taurari, ba ta da wanda za ta ba labarin ko ɗaya sai Yayarta, wadda barci ke ɗauka tun ba a yi nisa ba.

Sai idanun Mai Littafi suka fara yin yana, ganinsa ya ragu. Ya yi ta musu har ranar da ya miƙa wa wani ɗalibi littafin lissafi a maimakon ƙamus. Aka yi masa aiki a asibiti, aka naɗe idanun da bandeji. Likita ya ja matar gefe ya ce, "Mama, jininsa yana hawa. Ya kwanta, kada ya sunkuya, kada ya yi yunƙuri. Abin da ya fi komai, kada a ɓata masa rai. In jinin ya hau, aikin zai iya lalacewa."

Ɗansu na fari ya karɓi tsaron kanti, ita ta tare a gefen gado. Mutumin da bai saba zama ba ya zama abin tausayi. Rediyo ya ce surutu, hira ya ce ta ishe shi. Wata rana da azahar ta ji numfashinsa ya daidaita, ta ɗauka barci ya yi. Akwai littafin da ranar mayar da shi ta matso, saura mata kaɗan. Ta yi sanɗa zuwa kicin ta ɗauko, ta zauna a kujerar da ke jikin taga. Ai ba ya gani, in ji zuciyarta.

Ta juya shafi, ta juya wani.

"Maman yara."

Ta ƙame.

"Me kike karantawa?"

"Wata 'yar takarda ce."

"Daga ƙasa kika ɗauko?"

"A'a."

"Na sani. Sabuwar takarda ƙara take yi. Wannan ta sha hannu." Ya miƙo tafinsa. "Ba ni."

Maganar likita ta faɗo mata. Ta duba ƙofa, ta duba taga, kamar akwai inda za ta jefa shi. Hannunsa na nan a miƙe, bai sauke ba. Ta ɗora masa.

Ya shafa bangon, ya ji ledar da aka lulluɓe shi da ita. Ya bi kusurwoyin da suka lanƙwashe da ɗan yatsa. Ya buɗe ciki ya taɓa 'yar aljihun takarda da ake mannawa a bangon baya. Ya kai shi hanci. Tana kallon jijiyar gefen goshinsa tana harbawa a ƙasan bandejin.

"Tun yaushe?"

"Maigida, likita ya ce..."

"Na ji abin da likita ya ce. Tun yaushe?"

"Tun ina goyon babban."

A ƙasa ana jin ɗan nasu yana ciniki da wata mata.

"Wanzami ya sani?"

"Ba wanda ya sani sai Yaya."

"Kina kwana a kan littattafai, kina tashi a kansu, amma kika ɗauki ƙafa kika kai wa mutanen da suka karya ni."

"Ka sayar wa duk garin nan," ta ce, "ba ka taɓa tambayata ko ina so ba."

"Da kin yi magana ai da na yi miki ragi."

Ba ta san ko wasa yake ba, shi ma da alama bai sani ba. Ba wanda ya yi dariya. Ya ajiye littafin a kan bargo, ya ture shi da bayan hannu.

"Ki mayar musu yau."

Ta san abin da ya kamata ta ce, kalmomin da ta saba suna bakinta. Ta san kuma abin da zai iya faruwa da idon nan in ta faɗi wani abu daban. Ta ɗauki littafin ta riƙe a cinya.

"Ban gama ba. In na gama zan mayar."

Ƙirjinsa ya ɗaga, ya sauka. Ta zuba ido ga bandejin tana jiran ta ga jini ko wani abu, ta riga ta shirya ƙwala wa ɗansu kira. Bai motsa ba. Can ya juya fuskarsa bango. Ita kuma ta buɗe inda ta tsaya ta ci gaba, ko da yake layi ɗaya ta yi ta maimaitawa, ba abin da ke shiga kanta.

Shirun ya zo kamar yadda ta zata. Amma wannan karon ba shi da ikon ƙin abincinta, domin ita ke ba shi a baki, ita ke ɗiga masa magani, ita ke riƙe shi zuwa banɗaki. Ya ci, ya sha, bai ce uffan ba. Ita ma ba ta ba da haƙuri ba. Ta gama littafin, ta mayar ta babbar ƙofa a kan idon wanzami, ta karɓo wani.

Ranar da za a kwance bandejin, suna zaune a bencin asibiti tana ta murza gefen mayafinta, sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wancan littafin, a kan me yake magana?"

Ta fara ba shi labari. Ba ta kai rabi ba aka kira su.

Idon dama ya warke sarai. Na hagu bai dawo ba sai dishi-dishi. Likita ya ce hakan na faruwa ga masu shekarunsa, amma ta daɗe tana tambayar kanta ko ranar nan ce ta jawo, kuma ba ta taɓa samun amsa ba. Shi dai bai taɓa ɗora mata ba.

Ra'ayinsa bai canza ba, ƙafarsa kuma ba ta taɓa taka laburaren ba har ya bar duniya. Abin da ya canza shi ne gardamar ta fito fili. Sukan yi ta a kan shayin safe, shi yana cewa mai aro baƙo ne a gidan littafi, ita tana cewa ta ga masu saye da yawa da ke jera su a falo don baƙi su gani. Wata rana ya hau sama da wani ƙaton littafi sabo fil, ya ajiye mata a kan gado ya ce nata ne, halak malak. Bayan wata biyu ya tambaya ko ta karanta.

"Ai nawa ne, ba inda za shi," ta ce. "Bari in gama na mutane tukuna."

Ya bi ta da kallo da idonsa mai kyau, ya girgiza kai, ya sauka.

Bayan rasuwarsa ɗansu ya ci gaba da kantin, ko da yake yanzu littattafan rubutu da injin kwafi ne ke riƙe da shi. Ya so ta koma gidansa da zama, ta ce matakalar ba ta gagare ta ba tukuna. Anti Tabarau ta yi ritaya, ƙafa ta hana ta fita, don haka duk ranar da Matar Mai Littafi ta je laburare takan karɓo biyu, masu manyan baƙaƙe, ta biya ta gidanta ta ajiye mata ɗaya. Sukan zauna a baranda su sha shayi, kowace ta faɗi inda marubucinta ya yi shirme.