Gujiya Dubu da Tara

Har yau idan na ji ƙamshin karan dawa a wuta sai raina ya ɗan ɓaci, kuma Iya ce ta jawo. Kakarmu ce, a Ƙofa. Lokacin kaka, bayan sallar isha, takan tara mu a bakin murhu muna ɓare mata masara tana biyan mu da tatsuniya. Duk tana ƙarasa su, ban da guda ɗaya.

Wai wata mata ce ta je wanki bakin ruwa da 'yarta, aljanar ruwan ta janye yarinyar. Uwar ta yi ta kuka har aljanar ta fito da ƙwarya cike da gujiya, ƙwaya dubu da tara. Ta ce wa uwar ta kasa ta kashi-kashi daidai wa daida, kar ko ɗaya ta yi saura. Ba a yarda da tuli guda ba, ba a yarda da ɗaiɗai ba. Ranar da ta kasu, ranar za ta ga 'yarta. Matar ta kasa bibbiyu, ɗaya ta rage. Uku-uku, ɗaya. Bakwai-bakwai ma, ɗayar nan dai.

Nan Iya take tsayawa. In na tambaye ta sai me ya faru, sai ta turo mana tsabar masara.

"Ku kasa mana. Yarinya na cikin ruwa, kuna ta surutu."

Haba! Mun kasa har yatsunmu suka yi ciwo. Yayana Sabi'u ya taɓa jefa ƙwaya ɗaya a wuta don a huta, Iya ta make masa hannu, ta ce aljana ta iya ƙirga. Ni kuwa da kukan haushi nake kwanciya.

Sai da na je kwaleji na san akwai lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu, kuma dubu da tara na cikinsu. Na gwada a takarda, wallahi haka ne. Da hutu na zo da zumuɗina na gaya wa Iya cewa aljanar macuciya ce, gujiyar ba za ta taɓa kasuwa ba. Na zaci dariya za ta yi, ta ba ni ƙarshen da ta ɓoye mana.

Sai ta tura kara cikin murhu, ta ce:

"Ashe ba za ta fito ba? Ni ma tawa kakar a nan ta tsaya. Ina ta sa ku ne ko cikinku wani zai fito da ita."

Ba ta ƙara yin tatsuniyar ba har ta rasu.

Yanzu lissafi nake koyarwa a Tudun Wada, nakan kuma faɗa wa ɗalibai irin waɗannan lambobin ba su da iyaka. Amma takaicin wanda ya ƙago tatsuniyar nan bai bar ni ba. Idan ina yi wa 'ya'yana ita, dubu da takwas nake cewa. Yarinyar ta daɗe a ruwa.