Ranar da Na Rubuta "Ya Janye"

A shekarun da na yi ina aikin akawu a wata makarantar sakandare a Birnin Gwari na cika rajista da dama, kuma akasarin abin da na rubuta ya shige mini. Amma akwai kalma biyu da na rubuta da jan biro a gindin wata ɗorawa, ranar wata Asabar a ƙarshen damina, waɗanda ba zan manta da su ba har in koma ga Mahaliccina.

A lokacin hankali ya fara kwanciya a ƙasarmu, bayan shekarun da aka yi ba a zuwa gona sai da fargaba. Wata ƙungiyar matasa ta shirya tseren dogon zango, irin wanda ake fita bayan sallar Asuba, a yini ana gudu. Hanyar ta bar gari ta nufi wajen Damari, ta bi gefen daji, ta kewayo ta cikin gonaki zuwa filin makarantarmu. Sharaɗin shi ne a iso kafin kiran Magariba. Da yake an san ni da tsantseni wajen ajiye bayanai, sai aka ba ni tasha ta uku, wadda ke tsakiyar hanya. Aikina shi ne in rubuta lambar kowa da lokacin isowarsa, sannan idan na ƙarshe ya wuce in buga waya ga tashoshi biyu na gaba, domin su san mutum nawa za su jira kafin su kwashe ruwa.

Na karɓi aikin, amma raina bai ba ni cewa zai canza kome ba. Gonar mahaifina tana bakin dajin nan, kuma tun ranar da muka baro ta a guje ban sake taka ta ba. Na riga na cire ta daga raina.

Ranar jajibiri, ana cikin rubuta sunaye, sai ga wani dattijo makiyayi, siriri, mai furfura a gemu, sanye da takalmin roba irin na kiwo. Samari suka fara tsokanarsa.

"Baffa, nan fa ba a bin shanu. Gudu ake yi."

"Na ji," in ji shi. "Gobe ku gaishe ni idan na zo wuce ku."

Aka yi dariya. Ya durƙusa kusa da teburina ya rage murya. "Akawu, wanda ya gama, za a rubuta sunansa a takarda?"

Na ce za a ba shi takardar shaida mai hatimi.

"To rubuta ni da kyau. A 'yan shekarun nan, duk takardar da sunan ɗan rugarmu ya hau, ta zargi ce. Ina so 'ya'yana su riƙe guda ɗaya wadda ba ta zargi ba."

Washegari samarin suka tashi da ƙarfi kamar ana korarsu. Kafin hantsi ya dubi ludayi, da yawansu sun iso tashata suna haki. Duk wanda ya sare, abu ɗaya yake yi: ya zube a inuwa, ya tuɓe takalmi, ya jira motar da ke kwashe waɗanda suka gaza. Ni kuwa in ɗauki jan biro in rubuta "ya janye" a gaban lambarsa. Na yi haka har hannuna ya saba.

Dab da Azahar dattijon ya iso, shi ne na ƙarshe. Ya sha ruwa kaɗan, ya zauna a gindin ɗorawa, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe, ya miƙe ƙafafu, ya rufe fuska da malafa. Daga kan kujerata na ce, "Baffa, an gaji?"

"An gaji, Akawu."

Tambaya ta biyu ita ce wajibi a kaina: za ka ci gaba ko ka tsaya? Ban yi ta ba, kuma har yau abin yana ƙona mini rai, domin ni ne nake yi wa ƙananan ma'aikata faɗa kan rubuta abin da ba su tabbatar ba. Na ga takalmi a gefe, na rubuta "ya janye", na buga waya na ce babu sauran kowa a baya. Na zagaya na yi alwala na yi salla. Da na dawo ban gan shi ba, sai na ɗauka ya yanke ta daji ya koma rugarsu.

Bayan La'asar ina filin makaranta ina haɗa takardu, sai wani ɗan acaba ya tsaya a gabana ya ce ya ga wani tsoho yana gudu a hanyar gonaki da lamba a ƙirjinsa. Na amsa masa da zafi cewa babu kowa a hanya, ga rajista a hannuna.

"To Malam," in ji shi, "sai dai in rajistarka ce take gudu da takalmin roba."

Na ɗauki jarkar ruwa na hau bayansa.

Mun same shi tsakanin gonakin dawa, yana wata 'yar sassarfa wadda ba ta fi saurin tafiya da yawa ba, amma ba ya yankewa. Leɓɓansa sun tsage. Ya wuce tashoshi biyu bai tarar da kome ba sai sawun benci a ƙasa. Abin da ya jiƙa maƙogwaronsa tun Azahar shi ne karan takanɗa da wani manomi ya karya masa. Na sauka ina biye da shi, na miƙa masa ruwa. Ya kurɓa sau uku ya mayar mini. Na gaya masa abin da na aikata, ban rage kome ba.

Bai tsaya ba, bai kuma ɗaga murya ba. "Akawu, ba ka taɓa kiwo ba, ko? Idan rana ta take, muna kai garke inuwa. A cire takalmi, a kakkaɓe tsakuwa, a shafa wa ƙafa man shanu, a rufe ido kaɗan. Wannan zaman yana cikin tafiyar."

Kunya ta sa na ce ya hau babur mu ƙarasa, ni zan yi bayani.

"In na hau, jan bironka ya yi gaskiya ke nan."

"Baffa, akwai sauran nisa fa, rana kuma ta yi ƙasa."

"Ni ba na neman gari yanzu. Ka ga kukar can? Ita nake nema. In na kai ta, sai in zaɓi wata."

Haka muka bi shi a hankali, daga kuka zuwa gada, daga gada zuwa rumbun wani gida. Ya shigo filin makaranta ladan yana gyaran murya.

A nan kuma wata rigimar ta tashi. Shugaban shirin ya duba rajista ya ce an rubuta ya janye, kuma tashoshi biyu ba su shaida wucewarsa ba. Wani daga baya ya ce, "Kun dai san mutanen nan da hanyoyin daji." Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ranka ya daɗe, tashoshin ba su gan shi ba ne domin ni na sa aka kwashe su. Mutumin nan ya yi rabin hanya ba ruwa saboda sakacina, sannan a ɗora masa zargi a kai? Ga ɗan acaba, ga manomin da ya ba shi takanɗa, a aika a tambaye shi. Idan akwai wanda za a tuhuma yau, ni ne."

Shugaban ya ce to a yage shafin a sake sabo, magana ta wuce. Na ƙi. Rajista ba a yage ta, kuma ban ga dalilin da kuskurena zai ɓace alhali wahalarsa ba ta ɓace ba. Na ja layi ɗaya a kan kalmomin yadda za a iya karanta su, na rubuta a ƙasa: "Bai janye ba. Kuskuren akawu ne." Na sa hannu. Aka buga hatimi a takardarsa. Ya ce in karanta masa da ƙarfi, na karanta har sau biyu. Ya naɗe ta a hankali ya sa a aljihun ƙirji, sannan ya dube ni ya ce, "Yanzu kam, Akawu, an gaji."

Da bazara ta zo na ɗauki adda na nufi gonar mahaifina. Ta zama kurmi, har na kusa juyawa. Sai na hango tsamiyar da muke cin abinci a gindinta muna yara, na ce yau ita nake nema. Kwana uku na yi kafin in share zuwa gindinta. Bana dawa ce a wurin.

Abin da na koya shi ne, na daɗe da rubuta wa kaina "ya janye" ba tare da na yi wa kaina tambaya ta biyu ba. Shekarun da muka yi a zaune, ni da garinmu, zaman inuwa ne, kuma yana cikin tafiyar. Tun daga ranar, idan na ga mutum ya tuɓe takalmi ya zauna, sai in ajiye biro in kai masa ruwa, in jira in ga ko zai tashi.