Kwamfuta Mai Lamba Huɗu

A shagon intanet na Don Wilmer, bayan kasuwar garin Huehuetenango, kwamfutoci uku babu kowa a kansu, amma wata tsohuwa ta ƙi zama. Tana tsaye da kwandon tamales, wato dafaffen ƙullin masara a ganye, a ƙugu, kitsonta duk furfura, tana jiran mai lamba huɗu. Ni ne a kai, sai na tashi.

Sai da ta goge hannuwanta a zani kafin ta taɓa kujerar.

"Ɗan nan, a cikin wannan yake," ta ce wa Wilmer. "Ran Talata wata malama ta buɗe min, na ga Efraín ɗina a hoto, yana cin abinci a gidan da ake saukar masu ƙaura zuwa ƙasashen arewa."

"Iya, ba cikin akwatin nan hoton yake ba. Kowace kwamfuta za ta nuna shi, in dai kin san sunan shafin. Mene ne sunansa?"

"Samansa shuɗi ne."

Wilmer ya duba jerin shafukan da aka buɗe. Wayam. Kullum da safe na'urar take goge komai. Ya dube ni, na dubi ƙasa.

Ina jin yaron nata ya yi watanni bai kira ba. Ba ta kuka. Ta matso da fuskarta dab da allon, ta riƙe linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar mai riƙe da ɗan tsako.

"Bari dai in jira," ta ce. "Rannan ma sai da ya daɗe kafin ya fito."